Agustin Ɗan Monika: Mutumin da Allah Ya Keɓe Domin Kansa

Ya mai karatu, ko akwai wani a gidanku wanda ya san gaskiya amma ya ƙi binta? Wataƙila ɗanka ne da ya tafi cin rani ya komo da wani hali dabam. Wataƙila kuwa kai ne da kanka, kana zuwa sujada ran Lahadi, amma akwai wani abin da ka riƙe wanda ba ka so ka saki. In haka ne, ka karanta labarin nan, ka kuma karanta wa iyalinka da dare. Labarin wani mutumin Afirka ne mai suna Agustin, wanda ya daɗe yana gudun Allah, daga baya kuwa ya ba da ransa duka gare shi.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a wani ƙaramin gari mai suna Tagasta, wanda yau ake kira Suk Aharas, cikin ƙasar Aljeriya. A zamanin nan ƙasar tana hannun Romawa, akwai kuwa ikilisiyoyi da yawa a cikinta. Uwarsa Monika mai bi ce ta ƙwarai. Ubansa Fatirisiyus bai ba da gaskiya ba sai dab da mutuwarsa. Yaron yana da kaifin kai, iyayensa kuwa suka matsa ya yi karatu domin ya zama babban mutum.

Sa'ad da ya kai shekara 16, kuɗin makaranta ya ƙare, ya zauna a gida shekara guda ba aikin yi. Nan ya faɗa cikin miyagun abokai. Wani dare suka shiga gonar maƙwabci, suka kakkaɓe 'ya'yan wani itace, suka kwashi kaya guda. Ba yunwa ce ta sa su ba, gama yana da waɗanda suka fi su daɗi a gida. Suka ɗan taɓa kaɗan, suka zubar wa aladu sauran. Bayan shekaru da yawa Agustin ya yi ta tunani a kan wannan dare. Ya gane ba 'ya'yan itacen ya so ba, laifin kansa ne ya yi masa daɗi, da kuma dariyar abokai. Ka duba zuciyarka, ɗan'uwana, za ka tarar haka zunubi yake a cikinmu duka.

Daga baya aka sami mai taimako, ya tafi Kartaj, babban birnin bakin teku a ƙasar da yau ake kira Tunisiya. Can ya yi fice a ilimin iya magana, har ya zama malami. Can kuma ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa, suka sa masa suna Adeyodatus, wato Kyautar Allah. Ya raina Littafi Mai Tsarki, yana ganin maganarsa ba ta da ado. Ya shiga wata ƙungiyar ɓata ta mabiyan Mani, masu koyar da cewa ba mutum ne ke yin zunubi ba, wani duhu ne a cikinsa ke yi. Wannan koyarwa ta yi masa daɗi, gama ta ɗauke masa laifi. Ya yi wajen shekara 9 a cikinsu.

Duk wannan lokaci Monika tana kuka, tana addu'a dare da rana. Ta je wurin wani shugaban ikilisiya tana roƙo ya yi wa ɗanta magana. Shi kuwa ya ga yaron bai shirya ji ba tukuna, ya ce mata ta ci gaba da addu'a, ya tabbatar mata ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. A shekara ta 383 Agustin ya yi niyyar ƙetare teku zuwa Roma. Uwarsa ta bi shi har bakin ruwa tana hana shi. Sai ya yi mata ƙarya, wai rakiyar aboki ya zo. Ta kwana tana addu'a a wani ɗakin sujada kusa da gaɓa, da gari ya waye jirgi ya riga ya tafi da shi. Ke uwa mai karanta wannan, ki lura. Monika ta roƙi Allah kada ɗanta ya tafi, Allah kuwa ya bar shi ya tafi, domin a can ne zai sadu da Mai Ceto.

A shekara ta 384 ya sami babban aiki a birnin Milan, inda sarkin Romawa yake zaune a lokacin. Uwarsa ta biyo shi can. Yana da suna, yana da albashi, amma ba salama. Wata rana yana shirin yi wa sarki jawabin yabo cike da ƙarya, ya ga wani maroƙi a titi yana ta dariya, ya ga ashe maroƙin ya fi shi kwanciyar rai. Ya fara zuwa jin wa'azin Amburos, shugaban ikilisiyar Milan. Da fari gwanintar maganarsa kawai ya je ji, amma a hankali gaskiya ta shige shi.

Duk da haka bai tuba ba. Kansa ya yarda, zuciyarsa ta ƙi. Aka nema masa auren 'yar manyan mutane, aka sa ya sallami uwar ɗansa wadda suka yi shekaru da yawa tare. Ta koma Afirka, ta bar masa yaron, rabuwar kuwa ta yi masa ciwo ƙwarai. Tun da yarinyar da aka ba shi ba ta isa aure ba tukuna, sai ya kasa jira, ya ɗauko wata mace. Shi da kansa ya faɗa cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi tsabtar rai, amma kada ya ba shi da wuri. Mu nawa ne muke irin wannan addu'a? Mutum ya ce zai bar giya bayan kaka, zai rabu da waccan mace in ya yi aure, zai fid da layar da ke cikin ɗaki in yaron ya warke. Gobe kuwa ba a hannunmu take ba.

A shekara ta 386 wani ɗan ƙasarsu mai aiki a fada ya kawo masa ziyara. Ya ba shi labarin Antoni na Masar, wanda ya rabar da dukiyarsa domin ya bi Almasihu, da na waɗansu ma'aikatan sarki biyu da suka karanta labarin Antoni suka bar muƙaminsu nan take. Kunya ta kama Agustin. Ya fita zuwa lambun gidan, ya faɗi a gindin wani ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga gidan maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya tashi ya ɗauki littafin wasiƙun manzo Bulus, ya buɗe, idonsa ya sauka a kan Romawa sura 13, aya 13 da 14. Ka buɗe naka Littafin ka karanta wurin. Yana kiran mai bi ya rabu da shaye-shaye da fasikanci da husuma da kishi, ya ɗauki Ubangiji Yesu Almasihu kamar tufar da zai sa. Nan take shakkarsa ta gushe. Shi da abokinsa Alifiyus suka shiga gida suka faɗa wa Monika, ta yi ta yabon Allah.

Ya bar aikinsa, ya fasa auren. A daren Idin Tashin Almasihu na shekara ta 387 Amburos ya yi masa baftisma tare da ɗansa da Alifiyus. A kan hanyarsu ta komawa gida Monika ta kamu da zazzaɓi a garin Ostiya, ta rasu tana da shekara 56. Ta riga ta ga abin da ta roƙa.

Yanzu ka saurara da kyau, gama mutane da yawa suna son labarin tubansa, amma ba su duba shekara 43 da ya yi bayan baftisma ba. Da ya koma Tagasta ya sayar da gadonsa ya ba matalauta. Ba da daɗewa ba ɗansa ya rasu yana saurayi. A shekara ta 391 ya je garin Hifo, wato Annaba ta yau, jama'ar ikilisiya suka kama shi suka sa shi aikin Ubangiji, yana ta hawaye saboda nauyin abin. Bayan 'yan shekaru ya zama shugaban ikilisiyar, ya riƙe ta har mutuwarsa.

Abokinsa Fosidiyus ya rubuta yadda zamansa yake. Tufafinsa ba na alfarma ba ne, ba kuwa tsummoki ba. Abincin gidansa yawanci ganye ne da hatsi, nama kuwa domin baƙi da marasa lafiya. Ya sa an rubuta gargaɗi a kan teburin cin abinci cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a can. Wata rana waɗansu shugabanni 'yan'uwansa suka fara gulma, ya tsawata musu, ya ce in ba su daina ba zai tashi ya bar musu abincin. Ba ya ganawa da mace shi kaɗai, gama ya san inda ya taɓa faɗuwa. Ya ƙi karɓar waɗansu gādo da aka bar wa ikilisiya, domin ya ga 'ya'yan mamacin sun fi cancanta. Da kuɗi ya ƙare, ya sa an narkar da kwanonin ikilisiya masu daraja domin a fanshi kamammu, a taimaki matalauta. Yakan wuni yana sasanta masu gardama, wani lokaci ko abinci bai ci ba.

Ka gani, tsarkinsa ya bayyana a bakinsa, da aljihunsa, da akushinsa, da yadda yake zama da mata. Allah bai kira kowa ya bar aure ko ya sayar da gonarsa ba. Amma waɗannan wurare huɗu suna nan a kowane gida. Wace magana ake yi a gindin itace bayan sujada? Da wane mudu kake awo ran kasuwa? In rumbun maƙwabcinka ya ƙare tsakiyar damina, kana sane da shi? Ina ƙafarka take zuwa in dare ya yi?

Kada kuwa ka zaci ya zama marar laifi. Akwai inda ya yi kuskure, kamar yadda ya yarda hukuma ta tilasta wa waɗanda suka ware daga ikilisiya su komo. A cikin littafin da ya rubuta na furta zunubansa a gaban Allah, ya bayyana cewa ko yana shugaba yana fama da kwaɗayin abinci, da son yabo, da tunanin tsohon zamansa. Abin da ya koyar har ƙarshe shi ne, mutum ba shi da ƙarfin tsarkake kansa. Alherin Allah ne yake ba da gafara, shi ne kuma yake ba da ikon yin biyayya kowace rana.

A shekara ta 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hifo. Agustin ya riga ya gargaɗi makiyaya kada su gudu su bar jama'arsu, shi ma bai gudu ba. A wata na uku zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta Zabura na tuba aka rataye a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana kuka. Kwana 10 na ƙarshe ya roƙa kada a shigo sai mai magani da mai kawo abinci, domin ya sami yin addu'a. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, gama ba shi da abin rabawa, sai littattafan da ya ce a adana wa ikilisiya.

Ya mai karatu, mene ne abin da kake cewa sai gobe za ka bari? Ka faɗa wa Ubangiji sunansa a daren nan, ka roƙi gafara ta wurin jinin Yesu, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ka ƙarfi. Sa'an nan ka je wurin fasto ko wani dattijon ikilisiya ku yi addu'a tare. Ku iyaye masu kuka saboda 'ya'yanku, kada ku gaji. Allah wanda ya ji Monika yana jinku.