Polikarp, Bishop na Simirna

A wannan biki na cikar ikkilisiyarmu shekara 50, ya dace mu tuna da wani dattijo wanda ya daɗe cikin hidimar Ubangiji, bai kuwa ja da baya ba.

An haifi Polikarp wajen shekara ta 69. Ireniyus, wanda ya saurare shi tun yana yaro, ya shaida cewa Polikarp ya koyi bangaskiya daga bakin manzo Yohanna. Daga baya ya zama bishop na Simirna, ɗaya daga cikin ikkilisiyoyi bakwai ɗin nan na littafin Ru'ya ta Yohanna. Garin shi ne Izmir a ƙasar Turkiyya ta yau. Da tsufansa ya tafi Roma don su tattauna da Bishop Anisetus a kan ranar Idin Tashin Almasihu. Ra'ayinsu bai zo ɗaya ba, duk da haka suka rabu cikin salama.

Wajen shekara ta 155 tsanani ya tashi a Simirna. 'Yan'uwa suka lallashe shi ya fake a wani gidan gona. Da masu kama shi suka iso, sai ya sa aka ba su abinci, ya roƙi a bar shi ya yi addu'a. A dandalin wasanni gwamna ya matsa masa ya rantse da Kaisar, ya zagi Almasihu, a sake shi. Tsohon ya amsa cewa shekara 86 yake bauta wa Almasihu, bai taɓa cutarsa ba, don haka ba zai saɓi Sarkin da ya cece shi ba. Aka yanke masa hukuncin ƙonewa.

Wasiƙar da ikkilisiyar Simirna ta rubuta ta ba da labari cewa wutar ta kewaye shi ba ta ci jikinsa ba, aka kuma ji ƙanshi kamar na turare, har sai da aka soke shi da wuƙa. Bayan an ƙone gawar, masu bi suka tattara ƙasusuwansa, suka ajiye, da nufin taruwa kowace shekara a ranar shahadarsa. Sun kuma bayyana a fili cewa Almasihu kaɗai suke yi wa sujada, shahidai kuwa ƙaunarsu suke yi domin su almajiransa ne. Har yanzu ikkilisiyoyi da yawa suna tunawa da shi ran 23 ga Fabrairu.

'Yan'uwa ƙaunatattu, mu ma iyayenmu sun miƙo mana wannan bangaskiya da wahala, waɗansunsu har danginsu sun ƙi su saboda ita. Yanzu amanar tana hannunmu. Me za mu bar wa 'ya'yanmu? Ubangiji ya ba mu ikon tsayawa da aminci har ƙarshe. Amin.