Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Likitan Ƙurɗuba Mai Zare Jijiyar Ƙafa

Duk wanda aikinsa ya ƙunshi doguwar tsayuwa, kamar malamin makaranta ko ɗan sanda ko ma'aikaciyar jinya, ya san wani daga cikin abokan aikinsa da jijiyoyin ƙwaurinsa suka kumbura suka murɗe kamar igiya, ƙafar tana yi masa nauyi da yamma, wani lokaci har fatar idon sawu ta yi baƙi ta ɓarke da gyambo mai wuyar warkewa. Wannan cuta daɗaɗɗiya ce, kuma ɗaya daga cikin likitocin farko da suka rubuta dalla-dalla yadda ake yi mata aikin fiɗa shi ne Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi, wanda Turawa suka sani da suna Albucasis.

An haife shi wajen shekarar 936 a ƙasar Andalus, watau kudancin Sifaniya ta yau, a zamanin da daular Banu Umayya ta can take kan ganiyarta. Ana danganta zuriyarsa da Ansaru na Madina. Sunan Az-Zahrawi kuwa ya samo shi daga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya fara ginawa a daidai wannan lokaci, kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba. Ya tashi ya tarar da garin da littafi yake da daraja, domin Halifa Alhakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, mutum ne mai son karatu ƙwarai, yana aikawa har Bagadaza da Misira a sayo masa littattafai. Masu tarihi sun bayyana cewa Az-Zahrawi ya yi aikin likita a fadar wannan halifa, yana kuma koyar da ɗalibai waɗanda yake kira 'ya'yansa a cikin rubutunsa.

Sai dai duk da yawan littattafai, aikin fiɗa ya lalace a ƙasar. Shi da kansa ya koka a kan haka a gabatarwar abin da ya rubuta game da aikin hannu, inda ya nuna cewa ilmin ya kusa ɓacewa, abin da ya rage a littattafan mutanen dā kuma masu kwafa sun cika shi da kurakurai. Dalilin da ya bayar shi ne masu riƙe wuƙa ba su san ginin jikin mutum ba. Ya kawo misalai na abin da ya gani da idonsa. Akwai wani jahilin likita da ya tsaga wani ƙari a wuyan wata mata, ya yanke manyan jijiyoyi, jini ya yi ta zuba har ta mutu a gabansa. Akwai kuma wani tsoho mai babban dutse a mafitsara, wanda Az-Zahrawi ya duba ya ƙi taɓawa saboda ya ga ba zai tsira ba, wani kuma ya karɓi aikin, ya fizgo dutsen tare da wani yanki na mafitsarar, tsohon ya rasu cikin kwana uku. Saboda irin wannan ne ya raba ayyukan fiɗa gida biyu, waɗanda galibi ake samun lafiya a bayansu da waɗanda galibi halaka ce ƙarshensu, ya kuma gargaɗi ɗalibansa kada kwaɗayin lada ya ja su ga kashi na biyu.

Bayan ya shafe kimanin shekara 50 yana duba marasa lafiya, wajen shekarar 1000 ya kammala babban littafinsa mai suna At-Tasrif, mai maƙala 30. Yawancinsu sun shafi cututtuka da haɗa magunguna da abinci, amma maƙala ta ƙarshe, wadda ta ƙunshi aikin fiɗa, ita ce ta ɗaukaka sunansa. Ya kasa ta uku: lalas da ƙarfe mai zafi, sa'an nan tsaga da huda da ƙaho da jinyar raunuka, sa'an nan ɗori. A ciki ya zana hotunan kayan aiki kimanin 200, wuƙaƙe da ƙugiyoyi da hantsaki da zarto, ya bayyana amfanin kowanne, abin da littattafan da suka gabace shi ba su saba yi ba. Ya yi bayanin ɗinke hanji da zaren da aka yi da hanjin dabba, ya koyar da ungozomomi, ya kuma ba da labarin wani ƙauye inda maza ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni, cutar da yanzu aka san gado ake yinta.

Kusa da ƙarshen kashi na biyu ne ya zo kan kumburin jijiyoyin ƙafa, wanda Larabawa ke kira dawali. Ya lura cutar ta fi kama masu yawan tafiyar ƙasa da manoma da 'yan dako, kuma wannan lura tasa tana nan daram. Amma dalilin da ya ba ta na likitocin Yunan ne, watau wai wani baƙin ruwa ne ya yi yawa a jiki ya gangaro ƙafa. Don haka kafin a ɗauki wuƙa sai ya fara ba da maganin wankin ciki, a kuma fitar da jini daga hannu.

Idan aka zo aikin, hanya biyu ya bayar. Ta farko mai sauƙi ce: a gasa ƙafar da ruwan zafi, a ɗaure ta daga cinya zuwa ƙasan gwiwa, a tsaga jijiyar a wuri ɗaya ko biyu ko uku, a matso baƙin jinin, a ɗaure. Wannan sauƙin ɗan lokaci kawai take kawowa, domin jijiyar tana nan, za ta sake cika. Hanya ta biyu ita ce ta sa masana tarihin tiyata ba su manta da wannan babi ba. Sai a aske gashin ƙafar, a sa majinyacin ya yi wanka da ruwan zafi ko ya motsa jiki har jijiyoyin su fito sarai. Likita ya yi 'yar tsaga a tsaye a kan jijiyar, ya buɗe fatar da ƙugiyoyi, ya raba jijiyar da naman da ke kewaye da ita, ya zura wani siririn ƙarfe a ƙarƙashinta ya ɗago ta, ya rataye ta a kan ƙugiya marar kaifi. Daga nan ya matsa kamar faɗin yatsa uku ya sake yin wata tsagar, ya ɗago jijiyar kamar yadda ya yi da farko, haka har ya kai ƙarshenta. Sa'an nan ya yanke ta a ƙasa, ya riƙa jawo ta daga wannan tsaga zuwa ta gaba har ta fita gaba ɗaya. Ya ja kunne ƙwarai kada a bari ta tsinke, domin guntun da ya saura yana da wuyar cirewa kuma yana cutar da majinyaci. Idan jijiyar mai yawan lanƙwasa ce, sai a tsaga a kan kowace lanƙwasa.

Gaskiya ba shi ne ya fara taɓa wannan cuta da wuƙa ba, kuma bai yi da'awar haka ba. Ya karanta Bulus na Ijina, likitan Yunan na ƙarni na bakwai, ya ɗauki abubuwa da yawa daga gare shi. Tun kafin haihuwar Annabi Isa ma Rumawa suna yin aikin, kuma an ba da labarin jarumin yaƙinsu Gayus Mariyus, wanda aka yi wa ƙafa ɗaya ba tare da an ɗaure shi ba, ya daure bai ce uffan ba, amma da likita ya nufi ƙafa ta biyu sai ya hana, don ya ga warakar ba ta kai azabar ba. Majinyatan Az-Zahrawi ma haka suka sha, domin maganin sa barci irin na asibiti bai samu ba sai 1846, hanyar kashe ƙwayoyin cuta a rauni kuwa sai 1867. Abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne tsari: kayan aiki da aka zana siffarsu, da bayani mataki-mataki wanda ɗalibin da bai taɓa ganin malamin ba zai iya bi.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo daidai da rushewar daular da ya yi wa aiki. A 1009 fitina ta ɓarke a Ƙurɗuba kan gadon sarauta, a 1010 aka washe Madinatuz Zahra aka ƙone ta, a 1013 kuma Ƙurɗuba kanta ta faɗa hannun mayaƙa. Wajen wannan shekara ta 1013 Allah ya yi masa rasuwa, yana da shekara kusan 77. Malam Ibnu Hazmi, wanda yake saurayi a lokacin, ya lissafa shi daga baya cikin manyan likitocin da Andalus ke alfahari da su.

Littafin bai mutu tare da birnin ba. A ƙarni na sha biyu wani malami ɗan Italiya, Gerard na Kiremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara maƙalar fiɗa zuwa Latin a garin Toledo, daga nan ta shiga makarantun likita na Turai. Babban likitan fiɗa na Faransa, Guy de Chauliac, ya ambace shi kusan sau 200 a littafin da ya kammala a 1363. An buga fassarar a Benis a 1497, an buga ta da Larabci da Latin a Okasfod a 1778, an kuma fitar da ita da Ingilishi a 1973. A Ƙurɗuba akwai titi mai ɗauke da sunansa.

Abin da ya ɓuya masa, watau ainihin dalilin cutar, ya ɗauki ƙarnoni kafin a gano shi. A 1603 Fabricius na jami'ar Paduwa ya bayyana 'yan ƙofofin da ke cikin jijiyoyi, a 1628 kuma ɗalibinsa William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagayawa yake yi, kuma ƙofofin nan ne ke hana shi komawa baya. A ƙafa jini yana hawa ne zuwa zuciya, tsokar ƙwauri tana tura shi duk lokacin da mutum ya taka. Idan ƙofofin babbar jijiyar da ke ƙarƙashin fata, wadda ta taso daga idon sawu zuwa matsematsi, suka daina rufewa, sai jinin ya gangaro ya taru, jijiyar ta buɗe ta murɗe. Gado da juna biyu da ƙiba da doguwar tsayuwa duk suna taimaka wa wannan. Ashe abin da ake gani a ƙwauri reshe ne, tushen yana sama.

Wanda ya mai da wannan sani aikin tiyata shi ne Friedrich Trendelenburg na Jamus, wanda a 1890 ya bayyana ɗaure babbar jijiyar a cinya don tare jinin da ke gangarowa. A 1896 William Moore na Ostireliya ya ɗaga ɗaurin zuwa kusa da matsematsi. Tsakanin 1905 da 1907 likitocin Amurka uku, Keller da Mayo da Babcock, kowa ya fito da nasa ƙarfen zare jijiyar, kuma ɗauri tare da zarewa ya zama aikin da aka fi yi kusan tsawon ƙarni na ashirin.

Yau kuwa likita yakan fara da duba ƙafar da na'urar hoto mai aiki da sauti, don ya ga inda jini ke komawa baya, ya kuma tabbatar jijiyoyin can ciki a buɗe suke, domin idan sun toshe, cire na waje ƙara cuta ne. Tun wajen shekarar 2000 aka fara zura siririn bututu cikin jijiyar a ƙone ta daga ciki da zafin lesa ko na igiyar rediyo, majinyaci ya koma gida a ranar. Akwai allurar kumfa mai sa jijiyar ta shanye, akwai kuma wani irin gam da ake liƙe ta da shi. A 2013 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta sa ƙonawa a gaba, kumfa ta biyu, tsohon aikin zarewa na uku, ko da yake inda babu waɗannan na'urori har yanzu shi ake yi, kuma yana aiki. Ba kowace kumburarriyar jijiya ce ke bukatar tiyata ba. Mai juna biyu akan ba ta safa mai matse ƙafa a jira ta haihu, amma wanda ƙafarsa ke ciwo ko kumburi, ko fatar ta canja launi, ko ta yi gyambo, ko jijiyar ta taɓa fashewa, asibiti ya kamata ya nufa. Tsaga irin wannan jijiya a gida haɗari ne babba, domin jinin da ke cikinta yana iya zuba fiye da yadda ake zato. Idan ta fashe sai a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin har a isa ga likita. Kowace hanya aka bi kuma, cutar tana iya dawowa bayan shekaru.

Su kuwa rassan da ke murɗe a ƙwauri, waɗanda bututu ba ya iya bi, yawanci cire su ake yi da hannu. Hanyar da ake bi wani likitan fata ne na ƙasar Suwizalan, Robert Muller, ya daidaita ta a tsakiyar shekarun 1950. Ana sa majinyaci ya tsaya har jijiyoyin su cika a yi musu alama, a yi allurar kashe zafi, a yi 'yan huda na milimita biyu ko uku a jere, a zura ƙaramar ƙugiya a ɗago jijiyar, a jawo ta daga wannan huda zuwa ta gaba, ana kula kada ta tsinke, kamar dai yadda aka rubuta a Ƙurɗuba shekara dubu da suka wuce.