Aflatun: malamin da ya halatta wa masu mulki ƙarya

A darasin GNS na fara jin sunan Aflatun, amma sai bara, da nake wakilin aji, na zauna na karanta shi da kyau. Sakamakon jarrabawa ya makale, aji ya ɗau zafi, ni kuwa na tashi na ce musu ranar Litinin za a kafe. Wallahi ban san ranar ba, so nake kawai a watse lafiya. Wani abokina ya ce in kwantar da hankali, ai Aflatun ma ya yarda da irin wannan.

An haife shi a Atina ta ƙasar Girka wajen shekara ta 428 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a gidan masu faɗa a ji. Yana saurayi ya ga danginsa cikin azzaluman da suka riƙe birnin a 404, sannan a 399 mulkin jama'a ya yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin shan guba. Wanda ya ga wannan, ba mamaki ya yanke ƙauna da siyasar garinsu. Ya kafa makarantarsa, Akademi, inda Aristotal ya yi kusan shekara 20.

A littafinsa na Jamhuriya ne maganar take. Ya ɗauki ƙarya kamar magani: likita ne kaɗai zai ba da shi, talaka kuwa in ya yi wa shugaba ƙarya a hukunta shi. Har tatsuniya ya tsara da za a riƙa gaya wa jama'a, wai an cuɗa zinariya a halittar masu mulki, azurfa a ta mayaƙa, ƙarfe da tagulla a ta manoma da masu sana'a, don kowa ya tsaya matsayinsa. Ka ji fa! Mu 'yan injiniya da ke wuni a wokshof, kun san layin da muka faɗa. Sharaɗinsa dai shugaban ya zama masani, mai son gaskiya, wanda ba ya tara dukiya.

To ina za a samo shi? Aflatun ya tafi nema har Sirakus a tsibirin Sisili. Abokinsa Diyon ya gayyace shi wajen 367 ya tarbiyyantar da sabon sarki, Diyonisiyus na Biyu. Ba a daɗe ba sarki ya kori Diyon, ya riƙe Aflatun a fada da sunan girmamawa. A 361 ya sake jawo shi da alkawarin daidaita maganar Diyon, kamar yadda aka ruwaito, ya ɓuge da sayar da dukiyar mutumin. Shi ma sarkin ai zai ce don zaman lafiyar gari ya yi. A nan ne na daina jin daɗin uzurin abokina, don wanda ya rubuta takardar maganin, da aka ɗura masa, bai ji daɗinsa ba. Sai da Arkitas na Tarentum ya aiko jirgin ruwa aka fito da tsohon.

Diyon ya ƙwace Sirakus daga baya, amma a 354 wani amininsa ɗan Atina, wanda ya rantse masa ba ya nufinsa da sharri, ya sa aka kashe shi. Aflatun ya rasu wajen 347, yana da kimanin shekara 80.

Sakamakonmu kuwa bai fito ranar Litinin ba. Da na zo sanar da canjin ɗakin jarrabawa a zango na gaba, sai da wasu suka je suka duba allo da idonsu.