Rudolf Diesel: Mutumin da Ya Bi Sawun Zafin da Ke Salwanta

Duk wanda ya taɓa kai dawa ko gero wurin niƙa a Minjibir ya san ƙarar injin nan mai bugawa ɗaya bayan ɗaya. Irin injin ne a cikin tarakta, da manyan motocin da ke kwasar hatsi zuwa Dawanau, da manyan janaretoci. Man da suke sha muna ce masa gas, wasu su ce dizal. To, Dizal ɗin nan sunan mutum ne. A wannan fitowa mun kawo muku tarihinsa, tare da bayanin yadda injinsa ke aiki.

An haifi Rudolf Diesel a birnin Paris na Faransa ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne da neman abinci ya kai su can, mahaifinsa yana sana'ar haɗa littattafai da kayan fata. A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka tilasta wa iyalin barin ƙasar, suka gudu Landan. Da zama ya yi wuya, sai aka tura Rudolf, yana ɗan shekara 12, wurin dangi a garin Augsburg na Jamus. Mijin gwaggonsa malamin lissafi ne, shi ya riƙe shi. Yana shekara 14 ya sanar da iyayensa cewa injiniya yake so ya zama. A 1875 ƙwazonsa ya samo masa tallafin karatu a babbar makarantar fasaha ta Munich. Zazzaɓin taifot ya hana shi rubuta jarrabawar ƙarshe tare da 'yan ajinsu a 1879, amma bai zauna haka nan ba, ya tafi kamfanin Sulzer a Switzerland ya koyi aikin hannu. A Janairun 1880 ya kammala karatu da sakamako mafi daraja.

A Munich ne ya gamu da tambayar da ta ci rayuwarsa. Malaminsa Carl von Linde, gwani a harkar na'urorin sanyi, ya koyar da su cewa injin tururi, wanda shi ke jan jirgin ƙasa da masana'antu a lokacin, kusan kashi 10 cikin 100 na zafin kwal kawai yake mayarwa aiki, sau da yawa ma bai kai haka ba. Sauran duk yana bin hayaƙi da iska. Mu kwatanta da manomin da ya ɗaure dami goma na gero, amma ɗaya tak ya isa rumbu. Wa zai yarda da irin wannan asara? Diesel bai yarda ba. Ya duƙufa kan nazarin wani Bafaranshe mai suna Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna cewa iyawar inji ta dogara ne ga bambancin zafi: gwargwadon tsananin zafin da aka fara da shi, gwargwadon aikin da za a iya tatsa.

Bayan karatu ya yi wa Linde aiki a masana'antar ƙanƙara a Paris. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku, kuma a 1890 suka koma Berlin. Duk tsawon shekarun nan yana ta lissafi da zane a lokacin hutunsa.

Don mu gane abin da ya ƙirƙiro, sai mu fara duba injin fetur, irin na babur da ƙaramar mota. Nikolaus Otto ne ya daidaita shi a 1876, kuma aikinsa hawa huɗu ne. Da farko fistin yana sauka cikin silinda, ya shaƙo iska haɗe da fetur. Na biyu ya hau ya matse su. Na uku fulogi ya ba da tartsatsi, haɗin ya kama da wuta, ƙarfinsa ya tura fistin ƙasa, wannan turawa ce ke juya tayoyi. Na huɗu fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Asirin yana cikin hawa na biyu. Idan aka ƙara matsi, iskar da ta ƙone tana samun filin buɗewa sosai, sai zafi mai yawa ya koma turi. Matsalar ita ce fetur ba ya jure matsi mai tsanani, yakan kama da kansa kafin lokaci ya lalata inji. Shi ya sa injin fetur ke matse haɗinsa kamar sau 8 zuwa 12 kawai.

Dabarar Diesel ita ce a bar mai a waje tukuna. Injinsa iska zalla yake shaƙa, ya matse ta kamar sau 14 zuwa 22. Wanda ya taɓa yi wa tayar keke iska ya san famfo yana ɗaukar zafi a hannu, domin iska idan an matse ta zafi take yi. A cikin injin dizal zafin yana wuce digiri 500 a ma'aunin Selshiyos. A daidai wannan lokaci ne nozul ke feso mai kamar raɓa, sai ya kama nan take. Shi ya sa ba za ku ga fulogin tartsatsi a injin niƙa mai shan gas ba, kuma shi ya sa jikinsa ke da nauyi, don ƙarfe mai kauri ne ke iya riƙe wannan matsi.

Ya nemi rajistar mallakar fasahar a 1892, aka ba shi a Fabrairun 1893, shekarar da ya wallafa littafi kan injin. Masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, da kamfanin Krupp suka zuba kuɗi. Amma lissafin takarda daban, ƙarfe daban. A gwajin farko na Agustan 1893, fashewar man ta tarwatsa na'urar awon da ke jikin injin. Matsin da ya fara tsarawa ya fi ƙarfin kayan aikin zamanin, dole ya sassauta, ya yi ta gyara shekara huɗu. Ranar 17 ga Fabrairu, 1897, aka yi gwaji a hukumance, injin ya mayar da kusan kashi 26 cikin 100 na zafin mansa aiki, fiye da ninki biyu na injin tururi.

Akwai wurin da tarihin nan ya taɓo gonakinmu. A babban baje kolin duniya na Paris a 1900, an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa, kuma ya yi aiki lafiya. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke da yawa. Diesel ya goyi bayan wannan tunani, yana ganin manoma za su iya noma man injinsu da kansu. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1911, layin dogo ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya bunƙasa har aka kai ga dalar gyaɗa. Burinsa tun farko shi ne masu ƙananan sana'o'i su sami inji mai tsimin mai, kada manyan masana'antu su haɗiye su.

Diesel ya yi arziki da sayar da izinin ƙera injinsa a ƙasashe da dama, har Amurka. Ya kuma ga jirgin ruwa Selandia na ƙasar Denmark ya fara ratsa teku da injin dizal a 1912. Sai dai shari'o'i kan mallakar fasaha, da rashin lafiya, da zuba kuɗi a harkokin da ba su yi riba ba sun cinye dukiyarsa. Ranar 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa Dresden daga Antwerp zuwa Ingila don halartar taro. Da gari ya waye ba a gan shi ba. Bayan kwana goma aka ga gawa a teku, ɗansa Eugen ya shaida kayan da aka ciro daga jikinta. Ya rasu yana da shekara 55.

Bai ga injinsa a cikin mota ba, domin na zamaninsa suna da girma ƙwarai. Wasu ne suka ɗora daga inda ya tsaya. Manyan motoci masu dizal sun fito a 1923 da 1924. Kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon feshin mai da yawa a 1927, sannan Mercedes-Benz ya fito da ƙaramar mota mai dizal a 1936. Tobo, wanda Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, yana amfani da ƙarfin hayaƙin da zai tafi a banza ya cusa ƙarin iska cikin silinda. Daga baya kuma kwamfuta ta fara auna feshin mai a ƙananan motocin dizal daki-daki. A yau manyan injunan jiragen ruwa suna wuce kashi 50 cikin 100. Duk da haka hayaƙin dizal yana cutar da huhu, kuma injiniyoyi na nan suna fama da wannan matsala.

Darasin da muka ɗauka a fili yake. Baƙin hayaƙi daga salansa mai ne da aka saya da kuɗi bai gama ƙonewa ba, sau da yawa saboda matatar iska ta toshe da ƙura ko nozul ya lalace. Asarar kuma tana dawowa kan kuɗin niƙa da kuɗin mota da iyayenmu ke biya. Muna kira ga 'yan'uwa su riƙi darasin Fiziks da lissafi da muhimmanci, masu zuwa gareji bayan an tashi kuma su riƙa tambayar dalilin kowane gyara. Har yanzu fiye da rabin zafin man mota yana salwanta, kuma ana neman waɗanda za su rage wannan asara.