Likita Samuel Orton Da Yaran Da Karatu Ya Ke Yi Wa Wuya

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa wata makarantar firamare a nan Yerwa, aka ba ni aji uku. A cikin ajin nan akwai wani yaro ɗan shekara goma, mai kaifin hankali ƙwarai. In ana lissafi da ka, shi ne kan gaba; in na yi musu tatsuniya yau, gobe ya maido mini ita bai rage kome ba. Amma in na rubuta bara a allo sai ya karanta dara, in na ce ya rubuta ɗari sai ya rubuta bari. Na ɗauka wasa ne ya yi masa yawa. Ran nan na fusata, na kira shi daƙiƙi gaban 'yan'uwansa, na yi masa bulala biyu, kamar yadda na ga an yi wa wani abokina a makarantar mishan ta garinmu muna yara. Kwana uku bai zo makaranta ba. Da na kai maganar wurin malaminmu na hanyoyin koyarwa, bai yi mini faɗa ba, sai ya ce in je ɗakin littattafai in nemi labarin wani likita wai shi Samuel Orton. To, ga abin da na samu.

An haifi Samuel Orton ran 15 ga Oktoba, 1879, a birnin Kolambas cikin jihar Ohayo ta Amurka. Ubansa babban malami ne, shi ne shugaban farko na jami'ar jihar. Yaro ya tashi cikin littattafai, ya yi karatun likita a jami'ar Fensilbaniya, ya gama cikin 1905. Aikin da ya fi ba shi sha'awa shi ne binciken ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da ciwon hankali, don a gane abin da ya lalace a ciki. Har ya ƙetare teku cikin 1913 ya ƙaro sani a Jamus wurin Likita Alzheimer, wanda ciwon mantuwa na tsofaffi ya ci sunansa. Cikin 1919 aka naɗa shi shugaban sabon asibitin masu taɓin hankali a jihar Ayowa.

Tun kafin zamaninsa likitocin Turai sun ga alamun abin. Cikin 1892 wani likitan Faransa, Dejerine, ya ba da labarin wani dattijo wanda ciwo ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya wayi gari ba ya iya karatu, alhali kuwa yana gani, yana magana, har yana rubutu. Da ya rasu aka duba, aka tarar da ɓarnar a wajen ƙeya, tsagin hagu. Cikin 1896 kuma wani likitan Ingila, Pringle Morgan, ya bayyana wani yaro ɗan shekara 14, mai basira, wanda bai yi wani ciwo ba amma karatu ya gagare shi. Suka sa wa abin suna makantar kalmomi.

Cikin 1925 Orton ya kwashi ma'aikatansa suka tafi wata gunduma ta manoma a Ayowa, suka kafa asibitin tafi-da-gidanka na mako biyu. Aka ce malamai su kawo yaran da suka kāsa a makaranta. Da aka gwada su, sai aka ga fiye da goma daga cikin waɗanda karatu ya kayar hankalinsu daidai ya ke da na tsaransu, waɗansu ma sun fi. Akwai wani saurayi ɗan shekara 16 da kowa ya yanke ƙauna daga gare shi. Orton ya kai shi asibitinsa, ya daɗe yana bincikensa, ya tabbata lalle ba wawa ba ne. A shekaran nan ya rubuta abin da ya gani, daga nan kuwa bai sake barin maganar yaran nan ba har iyakar ransa.

Ya lura yaran su kan juya baƙaƙe, su ɗauki b a kan d, su karanta kalma daga ƙarshe, da yawa cikinsu kuma bahagwai ne. Sai ya ce ƙwaƙwalwa tsagi biyu ce kamar goro, kowane tsagi yana riƙe da surar baƙin, ɗaya daidai, ɗaya a juye kamar a madubi. In tsagin hagu bai rinjayi na dama ba, sai surorin su rikice. Ya ƙaga wa abin suna daga Girkanci, ma'anarsa murɗaɗɗun alamu.

Cikin 1928 ya koma Niyok, inda ya yi aiki da wata malama, Anna Gillingham. Tare suka shirya hanyar koyarwa wadda har yanzu ta ke ɗauke da sunayensu. Yaro ya dubi baƙi, ya faɗi sautinsa da ƙarfi, ya zana shi da yatsa, watau ido da kunne da hannu su yi aiki gaba ɗaya. Ba a wuce baƙi sai ya zauna, sa'an nan a haɗa baƙaƙe su zama gaɓa, gaɓoɓi su zama kalma. Cikin 1937 ya fitar da littafinsa a kan wahalar yara wajen karatu da rubutu da magana. Ya rasu ran 17 ga Nuwamba, 1948. Cikin 1949 almajiransa suka kafa ƙungiya da sunansa, wadda daga baya ta zama ƙungiyar duniya ta masu kula da wannan lalura da a ke kira disleksiya.

Amma fa ba dukan abin da ya faɗa ya tabbata ba. Masana na baya sun sami na'urorin da su ke nuna ƙwaƙwalwar mai rai tana aiki. Suka ga abin da ido ya ɗauka ya kan fara zuwa ƙeya, ya wuce wani ɗan wuri a ƙasan tsagin hagu mai gane baƙaƙe, wanda masanan Faransa Cohen da Dehaene suka sa wa suna cikin 2000, sa'an nan ya sadu da wuraren da ke kula da sautin magana. Galibin masu disleksiya wahalarsu a wurin sauti ta ke: rarrabe kalma zuwa sautukanta, da ɗaura kowane sauti a kan baƙinsa. Abin kuma ya kan bi jini. Juya baƙaƙe kuwa kusan kowane yaro ya kan yi da fari, gama buta buta ce ko bakinta ya dubi dama ko hagu, sai a karatu kaɗai juyawa ke sāke suna. Mu kuwa ga b da ɓ da d da ɗ, huɗu reras. Orton ya kuskure dalili, amma bai kuskure yaron ba, maganinsa kuma ya bi ta kan sauti, inda cutar ta ke.

'Yan'uwana, kada mu ce duk yaron da ya yi baya wannan ce ke damunsa. A garin nan akwai mai jin Barbarci kaɗai a gida, akwai wanda rikicin da ya tashi cikin 2009 ya raba iyayensa da ƙauyensu ya yi shekaru ba makaranta, akwai mai ciwon ido ko kunne, akwai mai yunwa. Aikinmu mu bincika kafin mu yanke hukunci, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Ni dai na je gidan su yaron, na ba shi haƙuri gaban ubansa. Kullum bayan an tashi mu kan zauna gindin dalbejiya, yana zana baƙi cikin rairayi yana faɗin sautinsa, kamar yadda ya saba ɗaga murya a makarantar allo. Kafin in bar makarantar ya rarrabe bari da ɓari da ɗari, ko da ya ke a hankali ya ke karantawa, da sauran tafiya mai nisa a gabansa. Na roƙi malamin ajin ya ci gaba da shi. Allah ya ba mu haƙurin koyarwa, amin.