Hermann von Helmholtz, likitan da ya leƙa cikin idon mai rai

Ƴar na'urar nan mai fitila da likitan ido ke haska wa majinyaci, a Yamai ne ko Maraɗi ko Dogon Dutsi, asalinta aikin wani Bajamushe ne, Hermann von Helmholtz.

An haife shi a Potsdam ran 31 ga watan Agusta 1821. Kimiyyar fiziks yake so, amma albashin mahaifinsa, malamin makaranta, bai kai ba. Sai ya karanta likitanci a Berlin da kuɗin gwamnati, bisa sharaɗin zai yi wa soja aiki. Yana likitan soja ya wallafa, a 1847, bayaninsa cewa makamashi ba ya ɓacewa, sauya kama kawai yake yi.

A 1850, yana koyarwa a jami'ar Königsberg, ya tsaya kan wata tambaya: me ya sa ƙwayar ido take baƙa? Ya gano cewa hasken da ya shiga ido ta hanyar da ya shigo yake komawa, mai leƙawa kuwa kansa ne ke tare hasken. Sai ya jera ƴan gilasai a karkace, suna tura hasken fitila cikin ido, shi kuma yana dubawa ta bayansu. Nan ya ga bangon ido da jijiyoyin jininsa, ba tare da wuƙa ba. Ya wallafa aikin a 1851.

Kafin nan, likita sai dai ya yi hasashe kan makantar da ba a ganin dalilinta daga waje. Albrecht von Graefe ya ɗauki na'urar ya binciki hawan ruwan ido da ita. Yau da ita ake ganin ɓarnar ciwon suga da hawan jini tun gani bai tafi ba.

Helmholtz ya koma Berlin a 1871 ya koyar da fiziks ɗin da ya so tun yana yaro, har ya yi bincike kan yadda batir ke ba da wuta. Ya rasu ran 8 ga watan Satumba 1894.

A 1915 Francis Welch da William Allyn suka ƙera ta hannu mai batir a Amurka. Ta yanzu akwai wadda ake yi wa caji, kuma zafin rana da ƙurar hunturu ne abokan gabarta. Ma'aikacin lafiya da zai kai ta ƙauyukan Arewa irin su Kieshe, sai ya ajiye ta cikin akwatinta a inuwa, ya cika batirin kafin ya mutu ƙurmus.