Niels Finsen: Likitan da ya mayar da haske magani yana fama da nasa ciwon

A wasu asibitocin ido a yau, likitoci na ɗora wata na'ura a ƙasan idon majinyaci, ta riƙa walƙa haske mai ƙarfi a fatar wurin domin buɗe ƙofofin maiƙon fatar ido da suka toshe. Cikin waɗanda ake gwada ta a kansu har da masu dashen ɓargo, waɗanda garkuwar jikin da aka dasa musu ke juyowa ta far wa hanyoyin hawayensu, ido ya bushe kamar an zuba yashi.

Na'urar sabuwa ce, amma wanda ya fara sa likitoci suka ɗauki haske a matsayin magani ya rasu tun 1904.

An haifi Niels Ryberg Finsen ranar 15 ga Disamba, 1860 a tsibiran Faro da ke ƙarƙashin Danmak, inda rana ke wuyar gani da hunturu. Bai yi fice a makaranta ba. Sai da aka mayar da shi Reykjavik ya ƙarasa sakandare, sannan ya kammala karatun likita a Jami'ar Kofenhagen a 1890.

Tun yana ɗalibi ciwo ya kama shi. Zuciyarsa ta yi rauni, ruwa na taruwa a cikinsa. Ɗakinsa ba ya samun rana, sai ya lura yana jin sauƙi idan ya fita ya sha hantsi. Daga nan bincikensa ya faro.

A 1893 ya ba da shawarar kwantar da masu agana a ɗakin da jan haske kaɗai ke shiga, domin rage zanzana.

Babban aikinsa ya zo ne a 1895, kan tibin fata, cutar da ke cin hanci da kumatu har mutum ya daina shiga jama'a. A lokacin maganinta yanka ne ko ƙuna. Finsen ya tattara hasken fitilar lantarki mai ƙarfi ta cikin madubai, ya bi da shi ta ruwa don kada ya ƙona fata, sannan a danne wurin da gilashi jini ya janye, hasken ya ratsa. Aiki ne na haƙuri: ma'aikaciyar jinya kan riƙe gilashin kusan awa guda a kan ɗan wuri ƙarami, a yi ta maimaitawa tsawon watanni. Majinyacinsa na farko, wani injiniya da ya shekara da shekaru da cutar, ya warke.

A 1896 aka kafa cibiya da sunansa a Kofenhagen, ɗaruruwan majinyata suka yi ta zuwa. Alexandra, wadda ta zama sarauniyar Ingila, 'yar Danmak ce, ta kuma ba wani asibitin Landan kyautar fitilar a 1900.

An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1903, sai dai bai iya zuwa karɓa ba, don a keken marasa lafiya yake. Kaso mai yawa na kuɗin ya bayar da shi ga cibiyar.

Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 1904, yana da shekara 43. An ci gaba da amfani da fitilarsa har magungunan tibi suka bayyana bayan Yaƙin Duniya na Biyu.